Kano zuwa Damagaram da allo a jaka

Wani Alhaji ne ya ɗora mini wannan tafiya. Ina yi masa zanen gidan da zai gina a Kano, mun gama maganar ɗakuna da falo da wajen ajiye mota, sai muka tsaya cik a kan fuskar gidan. Mahaifiyarsa 'yar Damagaram ce, an kawo ta aure Fagge tana yarinya, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta daina ba shi labarin ƙofar gidan mahaifinta a unguwar Birni ba. Irin wannan ƙofar yake so. Na nuna masa hotuna daga intanet, ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Malam, gani ya kori ji. Ka je ka gano mini da idonka, ɗawainiyar tawa ce."

Shekara biyu ke nan da na sayi tabulet mai babbar fuska, inci 12.4, na hannu, a kasuwar waya ta Farm Centre. A gida allo muke ce masa. Kakata ce ta raɗa masa sunan ran da ta fara ganina na ɗora shi a cinya ina rubutu da alƙalaminsa, sunan kuwa ya bi shi. Da shi nake zuwa wajen gini in nuna wa birkila inda ginshiƙi zai tsaya, da shi nake karatun Alƙur'ani da asuba, da shi nake kallon ƙwallo da dare. Amma ban taɓa barin gari da shi kaɗai ba, kullum kwamfutar cinya tana bayana. Wannan karon na auna nauyinta da na cajarta, na tuna batirinta ba ya kai awa uku, na ce ta zauna a gida.

Daren tafiya na yi abin da nake ba kowa shawarar ya yi: na sauke taswirar Damagaram da kewayenta a cikin allon yadda za ta buɗe ko babu sabis, na kwafe zanen gidan duka, na cika fawa banki. Alhaji ya turo mini tsofaffin hotunan mahaifiyarsa guda huɗu, ya ce ko za su yi amfani wajen gane gidan. Tun da rana na riga na je Wapa na canza naira zuwa sefa, fasfo da katin rigakafin shawara suna aljihun gaba na jaka.

Bayan sallar asuba ina Tashar Kuka, amma mota ba ta cika ba sai wajen ƙarfe takwas. Kuɗin kujera biyu na biya a gaba. Wannan shi ne harajin farko da babban allo ya karɓa a hannuna, domin abin da faɗinsa ya kusa kai takardar A4 ba ya jure matsin mutum huɗu a layi ɗaya, kuma ba zan yarda ya shiga but tare da buhunan kaya ba. Dambatta da Kazaure mun wuce su cikin hazon hunturu. Jefi-jefi ana hango aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, direba yana nunawa yana lissafin abin da jirgin zai yi wa sana'arsu in ya fara aiki. Na gwada yin zane a mota, na ga alƙalami da gargada ba sa shiri, na mayar da shi maƙallinsa na buɗe taswira.

Taswirar ce ta jawo mini abokan hira. Wani dattijo mai fataucin fatu da ke bayana ya leƙo ta kafaɗata, ya ga ɗigon shuɗin nan yana tafiya a kan layin hanya, ya ce, "Yaro, wannan mu ne?" Na ce mu ne, Baba. Daga nan ya karɓe aikin. Duk ƙauyen da suna ya bayyana sai ya faɗi ranar kasuwarsa da abin da ake samu a cikinta. A waya da wuya ya ga rubutun, ni kaina sai na matso da ita. A nan kuwa mutum uku ne ke kallo lokaci guda ba wanda ya ce a miƙo masa.

A Daura muka tsaya aka sha fura, daga nan zuwa Kongolam ba nisa. Direba ya ce daga watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe iyakar, motarsa tana jingine, sai da ya sayar da tumakin matarsa. Ya faɗa ne a hankali, ba wanda ya tanka a motar, don kusan kowa a ciki yana da irin nasa labarin.

A ɓangarenmu an duba fasfo an buga hatimi. A Ɗan Barto, ɓangaren Nijar, jami'in duwan, wato kwastam ɗinsu, ya ce in buɗe jaka. Ya ɗaga allon ya juya shi gaba da baya, ya tambaya ko na sayarwa ne. Na ce kayan aikina ne. Ya ce in kunna. Abin da ya fara fitowa zanen fuskar gidan Alhaji ne da na bari a buɗe, da zankwaye biyu a saman zaure. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da Hausarsa ta can, "Wannan ai gidan Birni ne kake son yi, amma zankonka ya yi tsini da yawa." Ya miƙo mini, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tun ban shiga garin ba an fara gyara mini aiki, kuma daga baya na gane gaskiyarsa.

Muna barin iyaka da kaɗan layukan wayata suka mutu, amma ɗigon nan bai daina tafiya ba. Dattijon ya yi mamaki, na yi masa bayanin cewa tauraron ɗan adam ne ke nuna inda muke, wannan ba ya cin data, taswirar kuma tun a Kano na sauke ta. Matamaye, Kance, shingen jandarmomi biyu da aka duba takardu cikin natsuwa, sai Takeita inda muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Tafiyar duka ba ta wuce kilomita 240 ba, amma sai bayan la'asar manyan duwatsun Damagaram suka bayyana.

A gidan kawun Alhaji na sauka, a unguwar Zango. An kawo ruwa a buta ana ba ni haƙuri da ƙarancinsa, domin garin ya daɗe yana fama da matsalar ruwa, ko'ina ka duba jarkoki ne da 'yan ga-ruwa. Bayan na ci shinkafa da miyar taushe na ciro caja, na nufi bango, na tsaya. Ramuka biyu ne zagayayyu, irin na Faransa. Cajata mai ƙafa uku ce, irin ta Ingila da muka gada. Tafiyar wuni guda, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma Turawan da suka raba mu sun bar mana bambanci har a jikin bango. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, don haka ƙaramin mahaɗi kawai ake buƙata. Ɗan mai masaukina ya ɗauke ni a kabu-kabu, babur ɗin haya ke nan, zuwa Kasuwar Dole.

A can na ci karo da lissafin dala. Mai shago ya ce mahaɗin dala ɗari ne. Na zaro ƙwandalar sefa 100 na miƙa, ya dube ni ya dubi yaron. Yaron ya yi mini bayani: dala ɗaya sefa 5 ce, don haka dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Har na bar garin sai na tsaya na ninka da biyar kafin in sa hannu a aljihu. A nan na sayi layin waya na can, na sa a wayata, ita kuma take ba allon intanet, tunda nawa ba mai shan layi ba ne. Kalmomi biyu na koya a daren, kuma su suka mallaki kwanakina: kuran, wutar lantarki, da rezo, sabis ɗin waya.

Maganar kuran ba wasa ba ce ga mai babban allo. Batirinsa ya kai ninki biyu na na waya, yana daɗewa, amma in ya ƙare cika shi aiki ne. Fawa bankina mai 20,000 sau ɗaya da ɗan kai yake iya cika shi, don wani ɓangare na wutar yana salwanta a hanya. Yawancin wutar wannan yanki daga Najeriya take zuwa, kuma mai masaukina ya ba ni labarin duhun da suka sha lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulki. Na koyi ɗabi'ar gidan: da an ji yara sun yi sowar kuran ya dawo, ko tsakar dare ne, sai a tashi a jona komai.

Da safe shayi ne da dogon burodin nan mai ɓawo, sannan muka shiga Birni. Na san Gidan Makama, na san tsofaffin lungunan cikin birnin Kano, amma rabon da in ga gidajen ƙasa masu ado jere da juna haka, mutane kuma suna zaune a cikinsu, har na manta. A wajenmu siminti da tayil sun cinye yawancinsu. A nan kana karya kwana sai ka ga fuskar zaure cike da zane mai tudu, dagi da takobi da da'ira cikin da'ira, wani da launi, wani jar ƙasa zalla, ga ƙaton dutse gida ya jingina da shi. Mun bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai suna zaune da jajayen kaya. Kawu ya tsaya ya ba ni labarin Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa ganuwar garin har aka ƙera bindigogin igwa a zamaninsa, da shigowar Faransawa a 1899, da yadda garin ya riƙe matsayin babban birnin Nijar har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Ya ce da ba a ɗauke ba, wataƙila da an rushe Birni an yi ofisoshi.

Gidan da muka zo nema yana nan, amma rabin adon ya zube. Damina ta ci gefen hagu, wani ya toshe da siminti. Na ɗauki hoto, na buɗe shi a manhajar zane, na rage haskensa, na shimfiɗa sabon shafi a kansa na fara bin layukan da alƙalami. Wannan shi ne aikin da ya sa na sayi allon tun farko, abin da da sai na buga hoto na ɗora takarda mai shara-shara. Sai dai rana ta hana ni sakat. Ƙarfe goma na yi fuskar allon ta koma madubi, fuskata kawai nake gani. In na ƙure haske batiri yana zuba kamar ruwa a kwando, bayansa kuma ya ɗau zafi. Ƙurar hunturu tana sauka a kai, in ka ja alƙalami ka ji ƙaras-ƙaras har cikin haƙori. Riƙe shi da hannu ɗaya a tsaye, minti ashirin ya isa ya sa kafaɗa ta yi tsami. Dole na koma cikin zauren da ke kallon gidan, na zauna a tabarma, na ɗora shi a cinya kamar yadda kakata ta fara ganina.

A zauren aka kawo mini tsohon magini. Ya haura tamanin a ƙiyasina, idonsa ɗaya ya yi fari, an ce yana yaro ya yi wa mahaifinsa miƙon ƙasa lokacin da aka sabunta adon wannan gida. Na gaishe shi na durƙusa, na nuna masa abin da na zana, har da gefen da ya zube wanda na cike da tunanina. Ya ce in matso. Na sa yatsu biyu na buɗe zanen har dagi ɗaya ya cika fuskar allon. Ya kawo fuskarsa kusa, ya bi layin da idonsa mai gani, ya ce, "A'a, ɗana. Wannan igiyar ba ta hau ta sama ba, ta ƙarƙashi take bi. In ta hau sau biyu a jere, ƙulli ya kwance."

Na miƙa masa alƙalamin. Ya ƙi karɓa da farko, ya ce kada ya ɓata mini. Na nuna masa inda ake taɓawa layi ya goge, na zana na goge sau biyu a gabansa. Sai ya karɓa, ya riƙe shi can sama kamar yadda ake riƙe alƙalamin kara, ya ɗora gefen hannunsa a kan gilashin. Hannun yana rawa, layin ya fito a karkace, amma bai yi shakkar inda za shi ba ko sau ɗaya. Cikin abin da bai fi minti biyar ba ya mayar da gefen hagun da damina ta cinye. Ya ƙara wasu 'yan ƙananan kusurwoyi a ƙasa waɗanda ko alamarsu babu a bangon yanzu. Mutum biyar ne suka zagaye mu a lokacin, wani yana cewa haka ne, ya tuna, wani yana cewa akwai shuɗi a tsakiya.

Awa biyu muka yi. Ya yi mini bayanin yadda ake ɗora adon tun yaɓen yana ɗanye, a tsaga da wuƙa a kwashe inda ba a so, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a shafe bango don ruwa ya zame. Ya ce zanko ba don kyau kaɗai aka yi shi ba, nauyinsa yana danne kusurwar soro, magini kuma yana samun abin riƙewa in ya hau gyara. Na raba fuskar allon biyu, zanen a dama, ina rubuta maganarsa a hagu, ga madannin Hausa da ɓ da ɗ da ƙ, ban rasa harafi ba. Da ya ga zankwayen da na zo da su daga Kano, ya faɗi abin da jami'in duwan ya faɗa. Na rage musu tsini a gabansa har ya ce ya isa.

Da dare allon ya tashi daga kayan aiki ya koma na gida. Yara suka yi layi kowa yana son ya rubuta sunansa da alƙalami, wata 'yar shekara bakwai ta rubuta nata da boko irin na lakwal, wato makarantar bokon can, mai haɗe-haɗen haruffa, sannan ta rubuta da ajami. Samarin gidan suka haɗa kuɗin data aka jingina shi da tukunyar shayi a tsakar gida, mu tara muka kalli ƙwallo, rezo yana yankewa ana salati yana dawowa. Sautinsa ya ishi tsakar gida ba sai an nemo lasifika ba.

A dare na uku ne aka ce Inna tana son ganina. Ƙanwar mahaifiyar Alhaji ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. An sha nuna mata hoton yayarta a waya, tana cewa ita duhu-duhu kawai take gani. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na buɗe hoton farko, wanda aka ɗauka a wani gidan hoto a Kano, na buɗe shi har fuskar ta kusa kai girman fuskar mutum. Ta karɓi allon da hannu biyu. Ta yi shiru har na fara tunanin ko ba ta gani ba. Sai ta sa yatsa a kan kumatun hoton, hoton ya motsa, ta janye hannu da sauri, na gyara mata. Ta ce, "Ga tsagarmu nan. Ga wushiryarta." Ta kira sunan da suke kiranta da shi suna yara, ta yi mata addu'a mai tsawo, muna amsawa da amin. Ban san matar da ke hoton ba, amma sai da na share ido.

Da rezo ya ɗan daidaita na kira Alhaji ta bidiyo a WhatsApp. Inna ta ga fuskarsa sosai a karon farko cikin shekaru, ta ce, "Kai ne ka yi furfura haka?" Suka yi ta magana, matan gidan sun cika ɗakin, kowa yana shiga cikin hoton ba a ture wani ba.

Akwai aikin da allon ya gaza mini, kuma gara in faɗa don mai niyyar saye. Alhaji ya nemi ƙiyasin kuɗin fuskar gidan kafin in dawo. Rubuta dogon lissafi a kan gilashi wahala ce, madannin yana cinye rabin fuskar, yatsa yana zamewa daga layi zuwa layi. Abin da zan gama cikin minti arba'in a kwamfuta ya ci mini dare guda. Da na saya masa madannin da ake haɗawa da shi na zo da shi, da an rage. Zanen gini mai nauyi kuma, irin wanda ake juya gida a ga kowane ɓangare da inuwarsa, wannan sai da na dawo Kano. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi daga safe zuwa yamma, ban ga dalilin da zai bar kwamfutarsa ba. Nawa aikin rabinsa zane ne, rabinsa kuma nuna wa mutane abu ne su gane, su gyara mini, kuma a nan ban taɓa riƙe abin da ya kai shi ba.

Kwana biyar na yi. Na sayi kilishi na jika uku da takalman fata biyu a wajen dukawa, na je na yi wa tsohon magini sallama da ɗan abin goro, ya sa mini albarka ya ce in an gama ginin a kawo masa hoto a wannan allon, ba a waya ba. Komowa ba wani labari, sai tayar da ta fashe kusa da Kance da jiran awa guda a iyaka, wanda na cinye da karatun izu biyu, shafin mushafi cikakke a gabana ba sai na yi ta ja da yatsa ba.

Washegari na goge ƙurar da ta maƙale a ramin caja da tsinken sakace, na tafi gidan Alhaji. Na riga na sake zana fuskar gidan da layuka masu tsafta, amma na bar shafin tsohon a ƙarƙashi ban goge ba. Na nuna masa nawa, ya ce ya yi kyau. Sai na kashe shafina na kunna na tsohon, karkatattun layukan nan suka fito su kaɗai a kan hoton bangon da ya zube. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya jawo allon gabansa. Ya ce a buga masa wannan ɗin a babbar takarda, yadda yake da rawar hannun, zai rataye a zaure. Ya tambaye ni ko akwai magini a Kano da zai iya fitar da igiyar nan da ke bi ta ƙarƙashi. Na ce akwai wani a Ɗandago da nake tunani, ranar Asabar zan kai masa allon ya gani.